Baƙo Raɓa? Shirye-shiryen Dogaro da Kai da Hanyar Abincin Masu Masaukin 'Yan Gudun Hijira a Jihohin Difa da Maraɗi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda koyar da sana'a, raba jari da dabbobi, yanka filaye da makamantansu suke taɓa hanyar abincin mutanen da suka sauki 'yan gudun hijirar Najeriya a jihohin Difa da Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. Hujjarta ita ce masu masauki ba ajinsu ɗaya ba. Akwai wanda zuwan baƙi ya ƙara masa ciniki, akwai wanda ya ci masa rumbu, akwai kuma wanda baƙin suka shigo sana'arsa suka raba masa ɗan abin da yake samu. Wannan na ukun shi ne shirye-shiryen suka fi mantawa da shi, wani lokaci ma su ne ke ƙara masa abokan takara.

1.0 Gabatarwa



Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da safe take, hantsi na dubawa ta bushe. To amma mutanen da suka fara tsallako kogin Komadugu daga Abadam da Malam Fatori da Damasak tun daga 2013 sun haura shekara goma a ƙasar Difa. Yaron da aka haifa a daminar da suka iso yau shi ke kora awaki zuwa rijiya. Waɗanda suka baro ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shiga jihar Maraɗi daga 2019 su ma sun ga damina da dama a can. Baƙuncin da aka yi wa shirin kwana uku ya zama zama, kuma nauyinsa tun ranar farko a kan talakan ƙauye ya sauka, kafin motar kowace ƙungiya ta iso.

Abin da nake nufi da shirye-shiryen dogaro da kai shi ne duk wani tallafi da aka ce manufarsa mutum ya tsaya da ƙafarsa maimakon jiran rabon hatsi: koyar da ɗinki da walda da haɗa sabulu, ba da jari, raba awaki, aikin gyaran ƙasa da ake biya da kuɗi, asusun mata, da samar da fili ko makamashi. Na dogara ga binciken da masana suka wallafa da rahotannin hukumomin agaji, na kuma karanta su da idon wanda ya san yadda kuɗi ke zagayawa a ƙauyen Hausa da na Barebari. Tambayata guda ce. Idan an ce mai masauki ya amfana, wane mai masaukin ake nufi?

2.0 Wane ne mai masauki?

A 1986 masanin raya karkara Robert Chambers ya wallafa wata maƙala da ta ja hankali ga abin da ake tsallakewa. Ya lura cewa idan 'yan gudun hijira suka sauka a karkara, idon hukuma da na ɗan jarida da na mai bincike duk a kan baƙin yake, masu masauki kuwa a dunƙule ake ambatonsu kamar buhu guda. Idan aka kwance bakin buhun sai a ga mai babbar gona ya samu ma'aikata da araha, mai shago ya samu masu saye, mai ɗakin haya ya ƙara kuɗi. Talakan da ba shi da komai sai ƙarfin damtsensa kuwa, a layinsa baƙin suka zo suka tsaya. Aikin da yake nema shi suke nema, dajin da yake saran itace shi suke shiga.

Binciken da Jean-François Maystadt da Philip Verwimp suka wallafa a 2014 a kan yankin Kagera na Tanzaniya, inda mutanen Burundi da Ruwanda suka kwarara a 1993 da 1994, ya ƙarfafa wannan magana. A jimlace yankin ya ƙaru, amma masu aikin ƙwadago a gonakin wasu ba su ci moriyar da manoma masu gonar kansu suka ci ba, domin su baƙi sun zame musu abokan takara, su kuwa manoman baƙi sun zame musu hannun aiki mai sauƙin kuɗi.

Akwai alƙaluman da hukumomi ke yawan kafa hujja da su, kuma gaskiya ne. Binciken J. Edward Taylor da abokan aikinsa na 2016 a kewayen sansanonin 'yan Kwango a Ruwanda ya nuna cewa kowane baligi ɗan gudun hijira da ake ba tallafin kuɗi na dala 120 zuwa 126 a shekara yana ƙara wa tattalin arzikin da ke kewaye da sansanin dala 205 zuwa 253. A wannan shekara ta 2016 kuma Bankin Duniya da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta cewa sansanin Kakuma ya ƙara wa arzikin yankin Turkana na Kenya kashi 3.4 cikin ɗari. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai lissafin gari lissafin jimla ne. Idan mai shago ya ci ribar jaka goma, ɗan barema, mai noman lada a gonar wasu, ya yi asarar jaka biyu, takarda za ta ce gari ya ƙaru da jaka takwas, alhali a gidan ɗan barema tukunya ce ta ragu. Sannan ribar da aka gani a Ruwanda tana da sharaɗi: kasuwa a buɗe take, manomi na iya ƙara noma, ɗan kasuwa na iya ƙaro kaya. Wannan sharaɗin ne ya faɗi a Difa.

3.0 Difa: abin da aka rufe kafin a ba da tallafi

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen jihar Difa ba su cika 600,000 ba. Zuwa 2016 waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a cikin jihar, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da suka komo gida da 'yan gudun hijirar cikin gida, sun haura 240,000. Kaɗan ne daga cikinsu suka zauna a sansanin Sayam Forage. Mafi yawa a gidajen dangi suka sauka, ko a bayan gari, ko a gefen kwalta.

Kafin rikici abincin jihar a kan abubuwa sanannu yake tsaye. Akwai jan tattasai da ake nomawa a gaɓar Komadugu da ƙananan injinan ban-ruwa, a shanya shi, a ɗura a buhu, a kai kasuwannin Najeriya. Akwai bandar kifi daga Tafkin Cadi da ke bi ta Maiduguri har kudancin Najeriya. Akwai dabbobi, akwai kuma kabu-kabu da dubban matasa ke ci da shi. Bayan harin da aka kai Bosso da garin Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai bisa hujjar cewa mayaƙan na karɓar haraji a kansu, aka taƙaita sayen mai da takin zamani, aka rufe wasu kasuwanni. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na shekarar, aka umarci mazauna tsibiran tafkin su fice. A watan Yuni na 2016 aka sake afka wa Bosso, dubun dubatar mutane suka watse suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Mutumin da ya sauki baƙi a zaurensa a 2014, shi ne a 2016 yake kwana a bukkar zana kusa da baƙin nasa. A Difa kalmar mai masauki ba ta da tsayayyen ma'abuci.

Ba na raina dalilin tsaro. An kashe sojoji, an kashe farar hula, kuma hukumar da ke binne mutanenta ba za a ce mata ta yi sanyin hannu ba. Daga baya ma an sassauta dokokin tattasai da kifi. Abin da nake cewa shi ne duk wanda zai auna tasirin shirin koyar da sana'a a Difa a waɗannan shekaru, dole ya ɗora wannan rufewa a ɗaya gefen sikelin. Tela a ƙauyen bakin Komadugu da kuɗin tattasai yake ci. Sai an sayar da buhu ake yanka yadin sallah, ake ɗaura aure, ake sayen turaren wuta da man shafawa. Mai injin markaɗe da mai walda da mai gyaran waya duk rassa ne, tattasai da kifi su ne gindin bishiyar. A shekarun da gindin ke ɗaure, sai aka yi ta ƙara rassa.

Nan ne illar farko ta shirin sana'a take fitowa ga talakan mai masauki, kuma ba ta bayyana a rahoto domin rahoto waɗanda aka horar yake ƙirgawa. A ɗauka a wata unguwa zawarawa uku ne ke ci da haɗa sabulu da dakan turare tun kafin rikici. Aka zo aka horar da mata talatin a kan sana'ar nan, aka ba kowacce kayan fara aiki kyauta. Masu saye ba su ƙaru ba, aljihunsu ma raguwa ya yi. Wadda aka ba kaya kyauta tana iya karya farashi domin ba ta da uwar kuɗin da za ta mayar, wadda ta ci bashi ta sayo soda da mai ba ta iyawa. Kafin kayan kyautar su ƙare zawarawan nan uku sun rasa masu sayensu, bayan sun ƙare kuma talatin ɗin ba su da jarin sake sayowa. Ba mugun nufi ya kawo haka ba. Sana'o'in da suka fi sauƙin koyarwa cikin 'yan makonni, su ne dai sana'o'in da talakan gari ya riga ya fake a cikinsu, saboda su ne marasa buƙatar babban jari.

Akwai shirye-shirye biyu a Difa da suka bi wata hanyar dabam, kuma a ganina sun fi cancantar nazari. Na farko shi ne yanka filaye. Hukumar 'yan gudun hijira, da kuɗin Tarayyar Turai, ta haɗa kai da magadan gari a wurare irin su Maine-Sorowa da Shetimari da Difa aka auna ƙasar bayan gari, aka yanka ta fuloti-fuloti da takardu. Masu ƙasar asali suka samu kasonsu, gunduma ta samu nata na sayarwa da na gina makaranta da asibiti, aka ba iyalai marasa ƙarfi sauran, baƙi da 'yan gari. Aka ja ruwa, aka koya wa matasa buga bulon ƙasa da ake matsewa da inji ba tare da an gasa shi da itace ba, aka biya su ladan gini. Hikimar wannan tsari ita ce bai ƙara masu sayarwa a kasuwar da ta cushe ba. Ya ƙirƙiro dukiyar da babu ita a da, domin fili mai takarda da famfo a kusa ya fi saurar gona daraja nesa ba kusa ba. Duk da haka tambayar Chambers ba ta kau ba. Mai ƙasa an biya shi da fuloti. Wanda ke aron wannan gonar yana shuka gero fa, ko makiyayin da ke bi ta nan da garkensa zuwa rijiya? Sunansu ba ya cikin takardar mallaka, saboda haka ba ya cikin takardar diyya.

Na biyu shi ne raba tukunyar gas ga gidaje, baƙi da 'yan gari. Dabara ce mai ma'ana a jihar da hamada ke cinye ta, a ƙasar da ke da matatar mai a Damagaram tun 2011, wadda ɗanyen manta daga Agadem na jihar Difa ɗin yake fitowa. Kuɗin itace na cin babban kaso na cefanen talakan birni, kuma saran daji na daga cikin abubuwan da suka fi haɗa baƙo da ɗan gari faɗa. A Minawawo ta arewacin Kamaru, inda aka buɗe sansani a 2013, sai da dajin kewaye ya ƙare aka koma dashen itatuwa da yin gawayi daga tarkacen gona. Gas ya sauƙaƙa wa uwar gida, ya kuma sarara wa daji. Amma mai kai damin itace gari a kan jaki, da tsohuwar da ke kasa shi a ƙofar gida, su ma masu masauki ne, kuma suna cikin mafiya talauci. Shirin da zai rage cinikin itace ya kamata tun farko ya san inda zai mayar da su.

4.0 Maraɗi: rumbu, gona da barema

Labarin Maraɗi dabam ne. Daga watan Afrilu na 2019 hare-haren 'yan bindiga suka fara koro mutane daga yankunan Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu zuwa ƙauyukan Gidan Runji da Madarumfa. Hukumar 'yan gudun hijira ta ba da adadin kusan 20,000 a watan Mayu, kafin ƙarshen Satumba sun haura 40,000, mafi yawansu mata da yara. Waɗannan ba baƙin ido ba ne. Gidan sarautar Gobir yana Tsibiri yana kuma Sabon Birni, Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi. Wadda ta tsallako da goyo a bayanta sau da yawa gidan kawunta ta nufa, ko gidan da aka aurar da yayarta. Shi ya sa ba a yi shawara ba aka buɗe rumbu, kuma aka buɗe shi a bakin damina, lokacin da abin da ke ciki ƙididdigagge ne.

Matsalar kudancin Maraɗi ƙasa ce. Yanki ne mai cunkoson jama'a, gado ya yayyanka gonaki har wasu magidanta ba sa noma abin da zai kai su rabin shekara. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna tun 2006 yadda ƙarancin ƙasa a wannan yanki ke fitar da mata daga noma, domin idan gandu ya matse, gamana, wato 'yar gonar da aka yanka wa mace, ita ce farkon abin da maigida ke janyewa. Wannan ya kamata ya sa mu yi tambaya duk lokacin da rahoto ya ce mutanen gari sun ba baƙi aron gona: daga kason wa aka yanko ta? Karamcin maigida ne ake rubutawa, amma mai yiwuwa matarsa ce ta biya.

Sai barema. Magidancin da gonarsa ba ta ciyar da shi yana da hanya guda a tsakiyar damina, ya yi wa mai hali noma a biya shi da yamma, ya auno tiya ya kai gida. Ranar da mata da samarin baƙi suka fito neman wannan aikin, waɗanda yunwa ta sa ba sa iya jayayya a kan lada, mai gona ya samu zaɓi, ɗan barema ya rasa bakin ciniki. Idan kuma baƙon yana karɓar rabon abinci, zai iya karɓar ladan da ɗan gari ba zai iya rayuwa a kansa ba. Babu laifin kowa a nan, kowa cikinsa yake bi. Amma wannan ita ce asara mafi kusa da tukunya, kuma ita ce wadda babu wani shirin ɗinki ko sabulu da ke mayar da ita.

Martanin hukumomi shi ne kafa abin da suka kira garuruwan dama a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka, inda aka zaunar da baƙi kusa da ƙauyukan da ke nan tun asali maimakon killace su a sansani. Aka kawo ruwa, aka ƙara azuzuwa, aka ƙarfafa ɗakunan shan magani. A nan nake ganin amfanin da ya fi isa ga kowa. Famfo ba ya tambayar katin rajista. Matar da a da take shafe safiyarta a bakin rijiya, in ruwa ya matso ta samu sa'o'in da za ta soya ƙuli ko ta yi dakau, kuma wannan ƙari ne da bai rage wa wata komai ba.

Inda aka fi samun cikas shi ne gonar da baƙo zai noma. Aron gona a ƙasar Hausa yana da tsoro biyu da ke cin juna. Mai gona na tsoron in aro ya daɗe ya zama hujjar mallaka, saboda haka damina ɗaya yake bayarwa, ya hana dasa itace, ya hana haƙa rijiya. Mai aro kuma na tsoron in ya zuba taki gona ta yi kyau, baɗi a karɓe, saboda haka ba ya zubawa. Sakamakon shi ne a tatsi ƙasa a mayar wa mai ita a gajiye. A yankin da manoma suka farfaɗo da gonakinsu tun shekarun 1980 ta hanyar barin tsiron gawo da kalgo da sabara su girma, wannan koma baya ne mai ciwo, domin renon itace aikin mai tabbacin gobe ne. Nijar tana da maganin a rubuce. Dokar karkara ta 1993 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu ikon rubuta shaidar aro da haya da jingina. Takardar aro ta shekara uku ko biyar, da sa hannun mai gari da shaidu, tana kwantar wa mai gona hankali cewa gonarsa tasa ce, tana ba mai aro dalilin kai taki. Kuɗinta bai kai na keken ɗinki ba. Ba ta dai da kyan hoto a ranar bikin raba kaya, ina kuma zargin wannan na cikin dalilan da suka sa ba a cika sa ta gaba ba.

Rabon awaki ma yana da nasa lissafin. Jar akuyar Maraɗi dukiya ce ta gaske, mai yawan haihuwa, kuma ba da ita kiwo al'ada ce da ta girmi kowace ƙungiya, irin habbanayen Fulani. Amma akuya ci take yi. Wadda ba ta da gona ba ta da harawa ba ta da kara, ko dai ta saya, ko akuyar ta shiga shukar maƙwabci. Ranar sayarwa kuma farashi a hannun kasuwar Najeriya yake. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, daidai lokacin da baƙin ke kwararowa. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Faɗuwar darajar naira a 2016 da 2023 ta sa ɗan kasuwar Jibiya ba ya iya biyan abin da ya saba biya da sefa. Duk shirin da ya ɗauka cewa abin da aka kiwata ko aka noma zai samu mai saye, a kan wannan iyakar ya jingina ko ya sani ko bai sani ba.

Ba zan bar Maraɗi ban ambaci abin da ita ta koya wa duniya ba. Tsarin asusun mata da ake kira Mata Masu Dubara a nan ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, a kan harsashin adashen da mata suka gada, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Binciken da Thomas Bossuroy da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2022, a kan matan karkarar Nijar da ke karɓar tallafin gwamnati, ya nuna cewa haɗa asusu da horo da jagoranci yana ƙara abin da gida ke samu, kuma ɓangaren da ya ƙunshi ƙarfafa zuciya da jawo goyon bayan jama'ar gari ya biya kuɗinsa fiye da wanda aka ƙara wa jari kawai. Ba a kan 'yan gudun hijira aka yi shi ba, amma darasinsa ya shafe mu: yardar gari jari ce. Asusun da ya haɗa baƙuwa da 'yar gari yana da wahalar kafuwa, domin wa zai ba da rance ga wadda ake ganin gobe za ta iya komawa Sabon Birni? Inda dangantaka ta tsaya mata a matsayin lamuni, asusun na zama wurin da matan biyu ke da riba guda maimakon kasuwa guda da suke rububi.

5.0 Kason mai masauki da wanda ke rubuta sunaye

Tun daga sanarwar New York ta 2016 da yarjejeniyar duniya kan 'yan gudun hijira ta Disamba 2018, an amince a takarda cewa ba a tallafa wa baƙo a tsallake mai gida. Yuganda ta yi suna da ƙa'idar ware kashi 30 cikin ɗari na ayyuka ga mutanen gari. Bankin Duniya ya keɓe dala biliyan 2 ga ƙasashe matalauta masu karɓar baƙi, Nijar kuma ta samu aikin tallafa wa baƙi da masu masauki, PARCA, na dala miliyan 80 a 2018. Wannan ci gaba ne, kuma waɗanda suka yi gwagwarmayarsa sun cancanci yabo.

Amma kaso adadi ne, bai faɗi suna ba. A ƙauye guda mutum uku ne ke da haƙƙin cewa su ne mai masaukin da ya kamata a duba. Akwai wanda ya sauki baƙi a gidansa suka cinye rumbu tare. Akwai wanda ya fi kowa talauci, ko an yi baƙi ko ba a yi ba. Akwai kuma wanda baƙi suka shigo sana'arsa: ɗan barema, ɗan ga-ruwa, mai itace, mai dakau, mai wankau. Ma'aunin ƙungiyoyi na biyun yake nema, da tambayoyin sau nawa aka ci abinci da awaki nawa ake da su. Adalcin ƙauye na farkon yake gani, shi ya sa in aka tsallake mutumin da kowa ya san ya ciyar da mutum goma sha wani abu, aka ba wani, sai gari ya ce an yi son kai, ko da ma'aunin ya yi daidai. Wannan ƙorafin yana da hatsari, domin darasin da yake koyarwa shi ne in an sake yin baƙi kowa ya rufe ƙofarsa. Na ukun kuwa babu ma'aunin da ke nemansa. Ba ya cikin mafiya tsananin talauci a ranar da aka zo rubutu, domin yana da ƙarfi yana da sana'a. Zamewa yake yi a hankali, sai bayan shekara biyu a tarar ya sayar da jakinsa ko ya jinginar da 'yar gonarsa ya tafi cin rani bai dawo ba.

Lamarin ya ƙara tsanani yanzu da kuɗin agaji ke janyewa, musamman tun da Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakonta na waje a farkon 2025. Idan rabon abinci ya ragu, baƙo ba ya ɓacewa, kasuwar ƙwadago yake ƙara shigowa, kuma a kan mutum na ukun nan yake sauka.

Saboda haka shawarata ga masu tsara ayyuka da ɗalibanmu masu neman abin bincike ita ce a sauya abin da ake ƙirgawa. Nijar tana da tsarin da ke bin farashin hatsi a kasuwanni a kai a kai. Ba zai gagara ba a ƙara masa abubuwa huɗu a garuruwan da ke da baƙi da kuma wasu makamantansu da ba su da su: ladan barema na yini, kuɗin damin itace, hayar ɗaki, da tsawon jira a bakin ruwa. Kafin a koyar da kowace sana'a a fara ƙirga mutum nawa ke ci da ita a garin, a kuma tambaye su wa ke saye. Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. Masu tantance ayyuka sun fi son kaka, sa'ad da hanya ta bushe, rumbu ya cika, kowa na da abin amsa gaisuwa. A je a watan Yuli, lokacin noman farko, a tsaya a bakin gona da sassafe. A tambayi ɗan barema nawa aka biya shi bara, nawa ake biyansa bana, kuma mutum nawa suka tsaya tare da shi yau suna jiran mai gona ya zaɓa.